Zama a Motar RV a Amurka: Nawa Yake Ci, Kuma Ina Kuɗin Ke Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston ni da maiɗakina, yara sun girma sun kama gabansu. Aikina ta kwamfuta nake yi, ina samun kusan dala 4,500 a wata bayan an cire haraji, hayar gida kuma tana cin 1,900. Mun tara dala 60,000. Muna so mu saki gidan haya mu sayi RV, irin motar nan mai ɗakin kwana da kicin da bayan gida, mu zauna a cikinta muna zaga ƙasar. Shin zai fi mana sauƙi? Yaya zan tsara kasafin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa alheri a wannan niyya taku. Na yi shekaru ina gyaran irin waɗannan motoci, na kuma zauna a cikin ɗaya, don haka abin da zan faɗa maka na gan shi a gareji, na kuma biya shi daga aljihuna.

Kuɗin da kuke da shi ya isa. Amma ka cire rai da cewa za ku huta da haya. Dala 1,900 ɗin nan da kake miƙa wa mai gida ba ta tafiya ko'ina, rarrabuwa take yi ta koma kuɗin zango, da mai, da gas, da inshora, da gyara, da faɗuwar darajar motar. Abin da ke kayar da mutane shi ne haya tana da ranarta da adadinta, rabin waɗannan kuwa ba su da rana. Sai a yi wata huɗu lafiya lau, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi, a na biyar firiji ya mutu, taya ta fashe, rufi ya fara yoyo. Kasafin da zai riƙe ku shi ne wanda ya riga ya sa wannan wata na biyar a lissafi tun ranar farko.

Abin da za ka saya

RV iri biyu ce: mai injin kanta, da ɗakin da ake ja da wata mota. A cikin masu inji akwai rukunin A, wadda ta kai girman doguwar bas. Akwai rukunin C, mai gado a saman kan direba. Akwai rukunin B, ƙaramar bas ce aka yi wa ɗaki a ciki. Yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su, kuma kamfanoni biyu, Thor da Forest River, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar. Don kada su yi nauyi, da siririn katako da gam da ƙananan ƙusoshi ake gina su. An yi su ne domin hutun 'yan makonni a shekara. Wanda ya mayar da ita gidan zamansa, yana buɗe ƙofa da famfo da durowa kullum, yana kuma girgiza ta a kan titi, dole ya riƙa gyara. A 2021, lokacin korona, masana'antun sun fitar da fiye da 600,000 a shekara ɗaya, sannan a 2023 adadin ya sauko zuwa wajen 313,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka saya a wancan lokacin sun gaji sun sa a kasuwa, don haka na hannu suna da yawa. Sai dai motocin shekarun nan an haɗa su cikin gaggawa, ina ƙara zuba musu ido fiye da sauran.

A matsayinku, shawarata ɗakin ja ne na hannu da akori-kura mai ƙarfi. Dalilina na lissafi ne. Ranar da injin mota mai haɗe da ɗaki ya lalace, gidanku ne gaba ɗaya zai shiga gareji, ku kuma ku koma otal kuna biya. Idan ɗakin daban yake, sai a kai akori-kurar wajen bakanike ku ci gaba da kwana a gadonku. Kuma da ita za ku je cefane da masallaci. Mai babbar RV sai ya ɗaura ƙaramar mota a baya, ya zama yana ciyar da inji biyu da inshora biyu.

Kada ka yarda da bakin mai sayarwa cewa motarka za ta iya ja. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne da ta faɗi nauyin da motar za ta iya ɗauka. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin yana sauka ne a kan ƙugiyar baya, sai ka ƙara nauyinku ku biyu da kaya. Ruwa kaɗai, galan ɗaya ya kai fam 8.3, wato tankin galan 50 ya haura fam 400. Na ga mutane da yawa sun sayi ɗaki, daga baya suka gane sai sun canja mota, kuma wannan kuskure ɗaya ya cinye duk ajiyarsu.

Daga cikin 60,000 ɗinku, kada ɗaki da mota su wuce 40,000. Harajin sayen mota a Texas kashi 6.25 ne cikin ɗari, wato 2,500 ke nan a kan wannan adadi. Ka biya wani mai duba RV wanda ba ya aiki da mai sayarwa ya hau rufi, ya gwada danshin bango, ya kunna kowace na'ura; 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma babu kuɗin da ya fi wannan amfani a duk cinikin. Sai kayan farawa: ƙugiyar ja mai raba nauyi, tiyon ruwan sha, tiyon zubar da ruwan masai, na'urar kare wuta daga hawa da sauka, abin rage ƙarfin ruwa, katakan daidaita tsayuwa. Ka ware musu 2,000. Abin da ya rage, wajen 15,000, shi ne asusun ko-ta-kwana. Ba a taɓa shi don sola ko sabuwar katifa.

Dillalai za su nuna maka sabuwa fil, su ce ai a wata kaɗan ne, domin bashin RV ana shimfiɗa shi har shekara 15 ko 20. Ga yadda abin yake a takarda. Bashin dala 80,000 da ruwa kashi 8 na shekara 15, biyan wata kusan 765 ne. Bayan shekara biyar ka biya kusan 46,000, amma har yanzu ana bin ka wajen 63,000, alhali motar ba za ta sayu a wannan farashi ba. Idan ka kai ƙarshe, ruwan kaɗai ya haura 57,000. Ga Musulmi maganar riba ta isa dalili, amma ko da an ajiye ta gefe, cinikin bai yi ba. Gida na ƙasa yakan ƙara daraja, RV kuwa raguwa take yi kowace shekara. Ko da kuɗi hannu ka saya, ka rubuta wannan raguwa a kasafi. Idan abin da ka saya 40,000 zai sayu 22,000 bayan shekara biyar, ka yi asarar 18,000, wato 300 kowane wata, duk da babu wanda zai aiko maka da takardar biya.

Saurin tafiya shi ke yanke hukunci

A nan ne kake da iko mafi girma a kan kasafinka. Akori-kura mai jan ɗaki takan yi mil 8 zuwa 12 da galan ɗaya, kuma galan ɗin Amurka lita 3.8 ne. Mu ɗauki mil 9 da fetur a dala 3.30. Wanda ke yin mil 1,500 a wata zai sha galan 167, kusan dala 550. Wanda ke yin mil 300 zai kashe 110. Daga New York zuwa Los Angeles kusan mil 2,800 ne, wato fiye da dala 1,000 na mai a tafiya ɗaya. Kuma farashin ba ya tsayawa wuri guda: a watan Yunin 2022 matsakaicin farashin fetur a ƙasar ya haura dala 5 a galan, California kuma kullum tana sama da Texas. Iska mai tahowa ta gaba, da hawan duwatsun Colorado, da gudun da ya wuce mil 65 a awa, duk suna ƙara shan mai. Kuɗin tolget ma da yawan ƙafafun mota ake lissafa shi, don haka mai jan ɗaki ya fi biya.

Kuɗin zango ma haka yake bin sauri. Zangon 'yan kasuwa mai wuta da ruwa da magudanar masai yakan kama daga dala 45 zuwa 80 a dare, ya kuma wuce haka kusa da teku ko manyan gandun daji. Dare 30 a kan 55 ya zama 1,650, ka kusa komawa hayarka ta Houston. Amma zangon nan ɗaya, idan ka ce wata guda za ka yi, sau da yawa zai ba ka tsakanin 500 da 900, sai dai a sa maka mitar wuta ka biya daban. Kudancin Florida a lokacin sanyi ba ya cikin wannan lissafi, can farashin wata yakan ninka, kuma tun watanni kafin lokacin ake kama wuri. Wasu zangunan kuma ba sa karɓar RV da ta wuce shekara 10 sai sun ga hotonta, ka tuna da wannan lokacin saye.

Akwai wurare masu sauƙi. Zangunan da rundunar injiniyoyin sojan Amurka ke kula da su a bakin madatsun ruwa suna da tsabta da araha, ana kama wuri ta shafin Recreation.gov, amma galibi ba a wuce kwana 14. Filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, a yammacin ƙasar, da dazuzzukan gwamnatin tarayya, ana iya sauka a yawancinsu kyauta har kwana 14, sannan a matsa. A kusa da garin Quartzsite na jihar Arizona akwai filin dogon zama da ake buɗewa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Shekaru da yawa kuɗin duk lokacin dala 180 ne, sai a 2024 hukumar ta kawo shawarar ƙara shi sosai, don haka ka duba farashin ranar kafin ka sa shi a lissafi. Dubban mutane ke yin sanyi a can, su haura arewa idan zafi ya shigo, kamar yadda makiyayanmu ke bin ruwa da ciyawa. Katin shekara na shiga gandun dajin tarayya dala 80 ne ga mazauna ƙasar, kuma ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin da ya kai shekara 62 yana iya sayen na har abada, wanda ke rage rabin kuɗin kwana a zangunan gwamnati da dama.

Sai dai saukar kyauta tana da nata kuɗin. Babu wuta, babu ruwa, babu inda za a zubar da tanki. Kai da ke aiki da kwamfuta awa takwas sai ka sa sola da batir mai kyau ko janareta, kuma wannan dubban daloli ne kafin ka fara more kyautar. Cika ruwa da zubar da tanki a gari ana biya. Mu kuma masu alwala sau biyar da tsarki da ruwa, tankinmu yana ƙarewa da wuri fiye da yadda waɗanda ke ba da labari a YouTube ke faɗa. Shi ya sa nake cewa a shekarar farko kada ku sayi sola. Ku fara ganin irin zaman da ya karɓe ku. Haka ma katunan rangwame: Passport America na rage rabin kuɗin dare a zangunan da ke cikin tsarinsu, amma da sharuɗɗan ranaku, Good Sam na rage kashi 10, Thousand Trails na da kwangilolin da suka kai dubbai. Ƙananan ba laifi, amma kada ka sa hannu a doguwar kwangila kafin ka san hanyoyin da kuke bi. Kwana a filin ajiye motoci na kantin Walmart kuwa sai da izinin manaja da dokar garin, kuma na dare ɗaya ne a kan hanya.

Gyara

Nan zan daɗe, domin nan ne aikina. Babban maƙiyin RV ruwa ne. Rufinta leda ce ta roba, kuma duk inda aka huda ta don tagar sama, ko bututu, ko na'urar sanyi, da wani gam aka toshe. Rana tana busar da gam ɗin, girgizar hanya tana tsaga shi. Ruwa ya shiga ta tsagar da ba ta kai kaurin farce ba, ya bi cikin bango wata da watanni ba wanda ya sani, sai ranar da ka ga bangon waje ya kumbura ko ƙasan ɗakin ya yi laushi. A lokacin gyaran ya zama na dubbai, kuma inshora ba ta biya, domin a wurinsu sakaci ne ba haɗari ba. Maganin kuwa bututun gam ne na dala 15 da hawa tsani duk wata uku. Idan akwai abu ɗaya da nake roƙon ka koya da hannunka, wannan ne.

Sai taya. Tayar RV ba kasafai take cinyewa ba, tsufa take yi. A jikinta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Daga shekara biyar zuwa bakwai a canja ta ko da zanenta na nan kamar sabuwa. Tayar ɗakin ja idan ta fashe da gudu takan yage ƙasan ɗakin, ta tsinke wayoyi da bututun ruwa. Tayoyin ɗakin ja guda huɗu 'yan ɗaruruwa ne, na akori-kura sun haura dubu, na babbar rukunin A kuwa guda shida sukan kai dubu uku zuwa huɗu. Boris ɗin ƙafafun ɗakin yana son man girisi duk shekara, birkinsa ma haka.

Na'urar sanyi ta rufi, da firiji, da tukunyar ruwan zafi, da injin da ke turo ɓangaren ɗaki waje, kowanne idan ya mutu ka shirya dubu ɗaya zuwa biyu ko fiye. Ladan aiki a garejin RV yanzu yakan kai dala 150 zuwa 200 a awa, kuma a lokacin zafi sai a ce ka jira makonni. Bakanike mai zuwa har zango ya fi muku, ko da zai caji kuɗin zuwa, domin ba za ku bar gidanku ba. Ka kuma yi rajistar taimakon kan hanya da ta san RV, irin Coach-Net ko ta Good Sam, ka tabbata ta haɗa da ɗakin, domin janwe ba ya ɗaukar mota da ɗaki a farashi ɗaya.

Saboda duk wannan, ka riƙa zuba dala 400 kowane wata a wani asusu na daban, ko an yi gyara ko ba a yi ba. Watan da ba a taɓa shi ba, kada ka ɗauka riba ce, kuɗin tayar shekara mai zuwa ne ke taruwa. Shekarar farko takan fi kowace ci, domin a cikinta ne duk abin da mai motar na baya ya ƙyale zai fito fili.

Sanyi da zafi ma suna da farashi, saboda bangon RV siriri ne. Galan ɗaya na gas yana ba da zafi kusan BTU 91,500 (BTU ma'aunin zafi ne), na'urar ɗumama ɗaki kuma takan ci 30,000 a awa. Ƙaramar tukunya mai fam 20 tana ɗaukar galan 4.7, wato awa 14 ke nan na ci ba tsayawa. A sanyin Ohio ko Minnesota sai ta ƙare cikin kwana biyu ko uku, ga tsoron ruwa ya daskare ya fasa bututu. A zafin Texas kuwa na'urar sanyi ba ta hutawa, mita na gudu. Wutar da ake jona wa RV a zango, ta amp 30 wat 3,600 kaɗai take bayarwa, ta amp 50 kuwa 12,000, don haka mai amp 30 ba ya kunna na'urar sanyi da butar lantarki da abin ɗumama abinci a lokaci guda. Bin yanayi, kudu da sanyi arewa da zafi, yana rage kuɗi fiye da kowane katin rangwame.

Takardu

Dole ka kasance da jihar da kake ɗan cikinta a hukumance. Masu wannan rayuwa sun fi zaɓar Texas, Florida ko Dakota ta Kudu, domin jihohin nan ba su da harajin albashi na jiha. Kai kana Texas, an rage maka aiki. Ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978, tana da ofishin karɓar wasiƙu a Livingston, arewa da Houston, suna ba mutum adireshi suna tura masa wasiƙunsa duk inda yake, kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba. Wasu bankuna sukan nemi adireshin gida na zahiri, ka tanadi na ɗaya daga cikin yaranku. Idan ɗayanku bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, doka ta ce a sanar da hukumar shige da fice ta USCIS canjin adireshi cikin kwana 10, kuma wasiƙarsu ba ta jiran matafiyi. Ka kuma tambayi wurin aikinka ko sun yarda ka yi aiki daga wasu jihohi, domin daɗewa a wata jiha kana aiki yana iya jawo harajinta.

Inshorar mota ta yau da kullum ba ta rufe wanda ya mayar da RV gidan zamansa. Ka faɗa musu gaskiya cewa zaman dindindin ne, su ba ka irin wadda ta haɗa da kayan ciki, da wanda ya ji rauni a wurin saukarka, da kuɗin otal idan ɗakin ya lalace. Wanda ya ɓoye don ya rage kuɗi, ranar da abu ya faru za su iya ƙin biya.

Inshorar lafiya ta fi komai rikitarwa. Idan ta wurin aikinka ce, tambayi ko likitocinta sun bazu a duk ƙasar. Idan ta kasuwar ACA ce, wato wadda mutum ke saya da kansa ta tsarin gwamnati, da yawa daga cikinsu sun taƙaita ga likitocin yankin da adireshinka yake, a wata jiha sai gaggawa kawai suke biya. Ko canja adireshi daga Houston zuwa Livingston yana canja zaɓin da za a nuna maka, saboda gunduma ta canja. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke ganin likita a kai a kai ya tsara hanyarsa yadda zai riƙa dawowa, ya sa man wannan dawowar a lissafi. Daga shekara 65, Medicare ta asali, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, tana aiki a kowace jiha wurin likitan da ke karɓarta.

Intanet kuwa a wurinka kayan aiki ne. Kada ka dogara da na zango. Layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, ko layi ɗaya da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda tsarinsa na matafiya marar iyaka ya kai dala 165 a wata a 2025, ban da kuɗin na'urar, kuma ba ya son inuwar bishiyoyi.

Abin da ya shafe mu

A Houston naman halal da masallaci da shagon kayan miyar gida suna kusa da kai. A ƙauyukan Utah ko Montana kana iya yin tafiyar awa biyu kafin ka samu sallar Juma'a. Firijin RV ƙarami ne, ba ya ɗaukar rabin rago, don haka ko ku sayi ƙaramin firiza, ko ku riƙa ratsa manyan birane irin su Dallas, Phoenix, Denver da Minneapolis kuna yin guzuri. Azumi da Sallah, na san Hajiya za ta so ta kasance cikin jama'a, zango kusa da babban birni kuma ya fi tsada, ku ware wa wannan wata nasa kuɗin. Kuɗin da kake turawa gida ba zai ragu don ka koma mota ba, ka rubuta shi a sama kafin komai. Idan za ku je gida ko Umara, ban da tikiti akwai kuɗin ajiye RV a wurin da ake tsaro, inshora kuma tana ci gaba da tafiya.

Lissafin wata

Ga misali na mutum biyu masu ɗakin ja da aka saya kuɗi hannu, suna yin wata guda a kowane zango. Ƙiyasina ne, ka maye gurbin kowane adadi da naka. Zango 700, wuta 110, mai 250 har da zirga-zirgar gari, gas 40, inshorar mota da ɗaki 200, lafiya 500, waya da intanet 250, abinci 700, wanki a injin haya 50, wasiƙu da lambar mota da katunan rangwame 80, asusun gyara 400, faɗuwar daraja 300. Jimilla 3,580. Daga 4,500 ɗinka saura 920, a ciki za a fitar da na gida, da zakka da sadaka, da sutura, da shiga wuraren kallo, da ajiya.

Yanzu mutanen nan biyu su ce duk kwana uku sai sun tashi. Zango ya koma 1,650 har da wuta, mai 700, gyara 500, abinci 850 saboda ranar tafiya ba a girki. Jimilla ta zama 5,120, ta wuce albashinka da 620, kuma daga asusun ko-ta-kwana za a riƙa cikewa. Yawancin sababbi haka suke yi a watanni shida na farko, suna ɗokin ganin Grand Canyon da Yellowstone da Niagara a shekara ɗaya, kuɗi da jiki su gaji tare.

Idan ka tsamo daga lissafin farko abubuwan da suka maye gurbin haya, wato zango, wuta, gas, wanki, wasiƙu, gyara da faɗuwar daraja, za ka samu 1,680. Ƙara abin da inshora da intanet da mai suka ɗara na zaman gida, kusan 320, ya zama 2,000. Hayarka da kuɗin wutarka na yanzu ke nan. Don haka idan neman sauƙi ne kaɗai ya kawo maganar, ƙaramin gida a gari mai araha zai fi muku. Idan kuwa ganin ƙasar kuke so alhali kuna da lafiya, da kuɗin da kuke kashewa yanzu za ku iya, muddin kuna tafiya a hankali. Ana kuma iya sauke lissafin ƙasa: wasu zangunan gwamnati suna ba da wuri kyauta ga wanda zai yi musu 'yan awoyi yana karɓar baƙi, idan Hajiya tana da sha'awa wannan kaɗai zai cire 700 a watannin da aka yi shi.

Kafin ku saki gidan, ku ɗauki hayar RV ta kamfanin Outdoorsy ko Cruise America na mako biyu ko uku, a lokacin da kake aiki ba lokacin hutu ba, ku rubuta kowace dala. Farashin hayar kansa ba ma'auni ba ne, abin da za ku auna shi ne mai da zango da abinci, da ko intanet ya riƙe aikinka, da ko ku biyu kun iya zama a ɗaki mai faɗin ƙafa takwas. Kayan gidan da za ku iya sayarwa ku sayar, domin ɗakin ajiya na dala 150 a wata ya zama 1,800 a shekara, a shekara uku yakan wuce darajar abin da ke ciki. Daga cikin 15,000 ɗin nan kuma ku keɓe 5,000 ku sa mata suna kuɗin komawa: kafin alƙalamin sabon gida, hayar watan farko, da gado da kujeru. Ka karɓi takardar shaidar cewa kana biyan haya a kan lokaci daga mai gidanku na yanzu tun kafin ku tashi, domin mai gida na gaba zai tambayi tarihin hayarku, rasit ɗin zango kuma ba kowa ke karɓarsa ba.